Godiya ga Waɗanda Suka Tayar da Tsakar Gidan Inna

Akwai mutanen da nake so in ambaci alherinsu a bainar jama'a. Na bi su gida-gida na yi godiya da baki, amma kowannensu sai ya tare ni da "haba, ai yi wa kai ne" tun ban kai ƙarshen maganata ba. To, a takarda dai babu mai katse ni. Su ne dangi da maƙwabtan da suka taru suka gyara tsakar gidan mahaifiyarmu a cikin birnin Kano, bayan damina ta bar shi a lalace.

Gidan na ƙasa ne, ginin kakanni, kuma tun rasuwar mahaifinmu ba a sake yi masa yaɓe ba. Ginin ƙasa kuwa ba ya yafe sakaci. Ruwan Agusta ya zaizaye gindin katanga, indararo ɗaya ya karye har ruwa ya riƙa bin bango, daɓen tsakar gida ya farfashe, rumfa ta rufta, gara ta cinye ƙafafun bencin zaure. Abin da ya fi damuna shi ne Inna ta daina fitowa. Matar da ta yi rayuwarta a tsakar gida, nan take girki, nan take tsince shinkafa, nan ake yi mata kitso, nan take shimfiɗa tabarma ta kwana idan zafin bazara ya tsananta, sai ga ta tana wuni a ƙuryar ɗaki don tsoron tuntuɓe.

Mu 'ya'yanta mun zauna mun yi shawara irin ta 'yan zamani: a shafe ko'ina da siminti, a zubar da tarkacen da ke gidan, a sayo kujerun roba. Da aka zo lissafi sai jikinmu ya yi sanyi. Tun da aka cire tallafin man fetur a 2023 komai ya tashi, buhun siminti kuma ya haura naira 10,000 a farkon 2024, ga yashi, ga kuɗin mota, ga na leburori. Muna cikin wannan jugum Kawu ya zo gaida 'yar'uwarsa.

Kawu, da kai zan fara. Ka zagaya gidan kana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsa, kana kara kunne, ka tsuguna ka gutsuri ƙasar gindin katanga ka murje ta a tafin hannu, sannan ka ce: "Ginin nan lafiyarsa ƙalau, riga kawai yake so." Ka hana mu siminti, ka kuma faɗa mana dalili. Siminti ba ya kama jikin ƙasa da kyau; da zarar ya tsage ruwa zai shige bayansa ya rasa hanyar fita, ƙasar ta jiƙe tana ruɓewa a ɓoye, wata rana a wayi gari ɓangare guda ya ɓalle ya faɗo. Da ka faɗa sai na tuna gidaje nawa na gani a unguwarmu da irin wannan ɓamɓarewar, ban taɓa tambayar musabbabinta ba.

Kai da ka ajiye aikin gini saboda ciwon gwiwa, sai ga ka ka naɗe wando. Ka sa aka kawo jar ƙasa, aka cuɗa ta da busasshiyar ciyawa da kashin jaki, aka tattake, aka bar ta ta kwana biyu ta ruɓa kafin ka yarda a taɓa bango da ita. Yara suna ɗoki su fara, kana cewa su bari ƙasa ta nuna. Don kan katanga da zankwaye, inda ruwa ya fi duka, ka ce sai laso. Yawancinmu sunan kawai muka taɓa ji. Ka tura ƙanena marinar Ƙofar Mata, wadda ake rini a cikinta tun 1498, ya samo katsi, wato abin da ke kwantawa a gindin karofi. Ka sa aka nemo gashin jima daga wurin majema, da dafara da aka daka aka jiƙa har ta yi yauƙi. Da waɗannan ka haɗa shafen da ruwa ke zamewa a kansa. Ina tsaye ina kallo, ina tunanin yadda sana'o'in garin nan suke riƙe da juna: abin da marini ya gama da shi da abin da majemi ya kankare ya zubar, su ne magini yake jira.

Ban roƙe ka ado ba, Kawu, kai ka ƙara mana. Tun yaɓen fuskar zaure yana ɗanye ka sa yatsu biyu ka fara ja, babu zare, babu ma'auni, babu takarda. Ka fitar da dagi a saman ƙofa, ka zagaye shi da layuka masu lanƙwasa, ka sauko da su gefe da gefe har ƙasa. Da ya sha iska aka bi shi da farar ƙasa da shuni, aka bar jan yaɓen a tsakani. Irin wannan aikin na saba ganinsa a Gidan Makama da Gidan Ɗan Hausa, na kuma sha jin labarin Babban Gwani Muhammadu Durugu da ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Ban taɓa kawowa a raina cewa ƙanen mahaifiyata yana ɗauke da wani yanki na wannan ilimi a yatsunsa ba. Na miƙa maka ɗan abin da ya sawwaƙa, ka ture hannuna ka ce gidan yayarka ne. Allah ya saka maka da gidan Aljanna, ya ba ka lafiyar gwiwar nan.

Gwaggo, ke kika ce a yi daɓe, kuma ke kika yi gayya. Da na ce anya za a samu mata masu yi a wannan zamanin, sai kika ce in dai dafa abinci in zuba ido. Kin sa aka baza birji aka daidaita shi, kika tabbatar an karkatar da shi kaɗan zuwa bakin rariya don kada ruwa ya kwanta. Aka yayyafa ruwa aka bar shi ya tsuma. Da hantsi sai ga mata suna ta sallama, kowacce da madaɓinta a ƙarƙashin mayafi, wasu madaɓan sun yi baƙi sun yi santsi don tsufa, an ciro su daga ƙarƙashin gado. Suka jeru a durƙushe, kafaɗa da kafaɗa, suka fara daga bangon gabas suna ja da baya. Ke kina ba da waƙa suna amsawa, madaɓai suna sauka tare a kan waƙar, har ana jin dukan a ƙirji. 'Yan matan da suka zo kallo da waya a hannu, kafin azahar sun ajiye wayoyin sun karɓi madaɓan iyayensu.

Sai makuba. Tun kafin ranar kin sa an jiƙa ɓawon ɗorawa a tsohuwar randa, ruwan ya yi ja ya yi duhu, da ɗan bagaruwa a ciki. Kina tsoma tsintsiya kina yayyafawa, ana sake bi da madaɓi, a bar shi ya sha, a sake. Kin hana kowa takawa har ya bushe, kika kafa kujera a bakin ƙofa kina gadi da kanki, kina korar yara da kaji. Yau daɓen nan ya yi ja-ja-ja yana ɗaukar ido, tsintsiya na wucewa a kansa sumul, da tsakar rana kuma ana iya taka shi ba takalmi, abin da ba a yi a kan siminti a watan Afrilu. Gwaggo, na gode. Ku ma iyayena da yayyena da kuka bar ayyukanku kuka zo, wasunku da goyo, kuka tashi da kanta a tafin hannu, ba ku karɓi komai ba sai tuwo da goro, Allah ya raya muku zuri'a, ya kai mu ranar da za mu zo muku gayya.

Akwai kayan da muka tara a lungu muna jiran mai kura ya kwashe. Baba kafinta na bakin layi, kai ka shigo duba ƙofar zaure ka gan su, ka tambaya ina za a kai. Da aka ce bola, sai ka yi shiru, ka ɗaga bencin ka juya shi, ka ce saman nan maɗaci ne, yanzu ko a 'Yan Katako na Na'ibawa sai an tona kafin a sami irinsa. Ka yanke ƙafafun da gara ta ci ka sa sababbi, ka shafa musu baƙin mai don kada ta dawo, ka goge saman da samfefa har launin katakon na asali ya fito. Kujeru 'yan tsugunno ka ɗaure waɗanda suka tsage, ka daidaita masu gurgunta. Amma abin da ba zan manta ba shi ne doguwar kujerar mahaifinmu, wadda yake kishingiɗa a kanta bayan la'asar yana sauraron rediyo. Yadinta ya yage, ƙusoshinta sun yi tsatsa, mu kuma mun kasa kallonta balle mu gyara. Ka ɗauke ta ba ka ce komai ba, ka dawo da ita da sabon yadi mai kauri, ka ajiye a inda take zama dā. Ashe ka tuna wurin. Inna ta daɗe tana shafa hannun kujerar kafin ta iya yi maka godiya. Kuɗin ƙusa da na yadi kaɗai ka karɓa, shi ma sai da aka kai ruwa rana.

Maƙwabcinmu mai walda, kai kuma gadon ƙarfen auren Inna ka ceto. Ka kankare tsatsar da burushin ƙarfe, ka fara shafa jan fenti mai hana tsatsa kafin ka bi da kore, ka rage masa tsawon ƙafa, ka mai da kan gadon abin jingina. Babu wuta ranar, ka jawo janaretonka da manka. Yanzu shi ne wurin zaman baƙi a ƙarƙashin rumfa, da katifa 'yar siririya da matasai biyu da ƙanwata ta ɗinka da ragowar atamfofi.

Rumfar kanta samarin majalisar ƙofar gida ne suka tayar da ita. Sau da yawa ana yi wa samarin nan kallon marasa aikin yi, ni dai na ga abin da suka yi. Su suka haƙa ramuka, suka kafa ginshiƙan ƙirya da Kawu ya zaɓa saboda gara ba ta cika iya mata ba, suka hau suka shimfiɗa sabbin zana na gamba suka ɗaure tamau, suka rataya asabari ta ɓangaren yamma don tare ranar la'asar. Sun gyara dakalin waje ma, wanda dama su ke zama a kai, suka shafe shi da ragowar makuba. Almajiran makarantar allon bayanmu su suka yi ta jigilar ruwa da birji. Ina gode wa malaminsu da ya ba su izini, ina kuma gode musu su kansu, don yaran nan sun ɗauki kaya masu nauyi da fara'a. Allah ya ba su karatu mai albarka, ya mai da su gaban iyayensu lafiya.

Maman yara ta gidan da ke jikin namu, ke kika kawo kore cikin gidan. Kin zo da reshen lalle da na zogale, da saiwar na'a-na'a da ɗoɗɗoya daga naki lambun. Tsohon turmin da gindinsa ya fashe kika cika da ƙasa da taki kika dasa na'a-na'a a ciki. Randar da ta tsage ta karɓi ɗoɗɗoya. Gwangwanayen fenti da aka gama da su kika wanke kika huda gindinsu, kina jaddada mini cewa duk abin da zai riƙe ruwa a tsakar gida gidan sauro ne. Dabarar da ta fi burge ni ita ce da kika sa aka dasa zogalen da lallen daidai inda Inna take alwala, ruwan yana gangarawa gindinsu. Ba a ɗebo musu ko kofi ɗaya ba, ga shi zogalen ya wuce kaina, har an fara tsinkar na kwaɗo.

Inna ta dawo tsakar gida. Da ta idar da sallar asuba take fitowa da carbinta, a nan take karyawa, a nan jikoki suke samunta, maƙwabta kuma sun koma leƙowa hira kamar dā. Ƙafarta da take yawan kumbura saboda zama wuri ɗaya ta yi sauƙi, tunda yanzu tana zagayawa tana duba shukokinta, tana faɗan wanda ya bar buta a kan daɓe. Ita ta ce in rubuta wannan, ta kuma ce kada in manta da yarinyar da ta riƙa wanke kwanukan masu gayya har dare, 'yar ƙanwar Gwaggo. 'Yata, ga saƙon Inna na isar, Allah ya yi miki albarka, ya ba ki miji nagari.

Kawu ya riga ya gargaɗe mu cewa aikin bai ƙare ba. Ruwan ƙasar nan daga gabas yake zuwa da iskarsa, don haka bangon gabas sai an sake bin sa da yaɓe kafin hadarin farko, kuma haka za a riƙa yi duk shekara. Ƙanena ya ce shi zai yi a bana, in Kawu zai zauna a inuwa yana nuna masa. Kawu ya amsa, da sharaɗin yaron ya zo da abokansa biyu su ma su koya. Gwaggo kuma ta bar mana madaɓi ɗaya ta ce na 'yan matan gidan ne.