Na Je Kiyeshe Koyar da Ingilishi

Kawuna ne silar tafiyar. Shi falke ne, wake yake saye a ƙasar Arewa ta Nijar yana kaiwa kasuwar Dawanau a Kano, kuma ya daɗe da mai masauki a wani gari da ake kira Kiyeshe, kudu da Dogon Dutsi. A shekarar 2018 na gama NCE a Zariya, fannin Ingilishi, ina zaune gida babu aikin yi. Mai masaukin nan yana cikin kwamitin iyayen yara na garinsu. Ya yi wa kawu ƙorafi cewa 'ya'yansu suna shan wuya da Ingilishi a jarrabawar BEPC, suna neman wanda zai riƙa yi musu ƙarin darasi da yamma. Kawu bai ko shawarce ni ba ya ce, "Ai ga ɗana can yana zaune." Da ya dawo ya faɗa mini, sai mahaifiyata ta ce, "Ka tafi, Allah ya yi maka albarka, amma kada ka ci amanar 'ya'yan mutane."

Na tashi a watan Oktoba, lokacin da makarantun Nijar ke buɗe sabuwar shekara. Daga Zariya na bi ta Funtuwa da Gusau na kwana a Sakkwato, washegari na shiga motar Illela. A lokacin Nijar tana cikin ECOWAS, don haka babu batun biza, takardar shaida da katin rigakafin shawara kawai aka duba. A Birnin Ƙonni na canja kuɗi, nan aka fara yi mini darasin lissafi: dala ɗaya sefa biyar ce, dala ashirin sefa ɗari, jikka kuwa sefa dubu. Daga Ƙonni muka hau babbar hanyar ƙasar, wadda ta taso daga Yamai ta ratsa Doso da Maraɗi da Damagaram har Difa, muka nufi yamma, tafiyar kimanin kilomita 140. An gama girbin gero, an jera dammuna a bakin gonaki, rumbunan ƙasa masu hular ciyawa kuwa sun cika kowane ƙauye.

Tun daga nesa za ka gane ka iso Dogon Dutsi. Jajayen duwatsu ne masu shimfiɗaɗɗen kai suka tsaya a bayan garin, daga cikinsu ya samo suna. Mutanen wurin "Dutsi" kawai suke cewa. Na sha fura a tasha, na hau kabu-kabu, muka bar kwalta muka shiga rairayi. Ba mu cika awa guda ba muka shigo Kiyeshe ana kiran la'asar.

Garin yana cikin Dallol Mawri, wani tsohon kwarin kogi da ya ƙafe tun zamanin da babu mai tunawa, ya bar faffaɗan fili da itatuwan gawo, ruwa kuma kusa a ƙarƙashin ƙasa. Shi ya sa da rani ake lambu a yankin, kuma dankalin turawan Dutsi ya yi suna har Yamai. Kiyeshe cibiyar ƙaramar hukumar karkara ce, ƙasarta kuma ta taɓo iyakar Najeriya. Mutanen Arawa ne, Zabarmawa ke ce musu Mawri, 'yan'uwansu na jini suna tsallake a Kangiwa da sauran garuruwan Arewa-Dandi ta jihar Kebbi.

Mai masaukin kawu ya tarbe ni a ƙofar gida ya riƙe hannuna da hannu biyu. "Yaro, ka zaka lahiya? Wanga gida naka na." Baba na riƙa kiransa tun daga ranar, matarsa kuma Inna. Kafin a ba ni ɗaki sai da ya kai ni na gai da maigari da liman, sannan daraktan makaranta. Na lura da wannan tsari, na kuma ga amfaninsa daga baya: babu uban da zai turo 'yarsa wurin baƙon saurayi da yamma in ba a san ta ƙofar da ya shigo gari ba.

A Nijar yaro yana shiga lakwal da Faransanci, sai ya kai kolej, ajin da suke kira siziyam, sannan ya fara Ingilishi. Shekara huɗu yake yi, a ƙarshen tarwaziyam ya zauna BEPC. 'Yan wannan aji na ƙarshe aka haɗa ni da su, a wata rumfar zana da iyaye suka kafa, da allon katako da aka jingina a jikin gawo. Malaminsu na makaranta, wanda ya yi karatu a Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, mutum ne mai ƙoƙari ƙwarai, azuzuwa ne suka yi masa yawa. Shi ya ara mini littafin da suke bi, English for the Sahel, ya nuna mini inda ya kai su. Yaran "Mushe" suke kirana, kamar yadda suke kiran kowane malamin boko.

A makon farko na gane inda gizo ke saƙar. Yaran nan ba daƙiƙai ba ne, ko kusa. Ana koya musu baƙon harshe ne ta cikin wani baƙon harshen da bai gama zama a bakinsu ba. Idan na faɗi jimla, sai in ga yaro yana motsa leɓe: yana mai da ita Faransanci, daga can ya mai da ita Hausa, ya nemo amsa, sannan ya sake biyo hanyar da baya. Kamar mai ɗebo ruwa ne da guga biyu masu yoyo, kafin ya iso gida saura kaɗan. Ni kuwa Faransancina bai wuce gaisuwa ba. Sai na tambayi malaminsu ko akwai laifi in yi bayani da Hausa. Ya ce a aji shi ba a so ya yi, amma a rumfa ni ke da iko.

Abin da ya fi ba su wahala shi ne bambancin aikin da mutum ke cikin yi yanzu da wanda ya saba yi kullum. Ingilishi ya raba su gida biyu, Faransanci kuwa siga ɗaya yake amfani da ita ga duka. Shekara uku suna haddace ƙa'idar ba ta zauna ba. Wata rana na rubuta a allo: "Ina shan fura." A ƙarƙashi na rubuta: "Nakan sha fura." Na ce wa zai gaya mini bambancinsu? Duk rumfar ta ɗauki hayaniya, kowa na son ya yi bayani, don babu ɗan Hausa da bai san wannan ba. Sai na sa jimlolin Ingilishi biyu a gefensu. Wata yarinya da ke zama can baya, wadda ban taɓa jin muryarta ba, ta miƙe ta ce, "Mushe, shi ke nan? Ashe muna da shi!" Ta fito ta karɓi alli ta rubuta nata misalan, babu kuskure ko ɗaya. Har yau in na tuna yadda ta faɗi maganar nan sai raina ya sosu, don shekara uku aka ɗauke mata a kan abin da ta iya tun tana goye.

Haka muka ci gaba. Sautin "h" da Faransanci ke haɗiyewa, wanda ya sa suke cire shi a farkon kalmomin Ingilishi, na tuna musu suna da shi a hatsi da hanya da hannu. Kalmomin da suka shigo bakinsu ta kasuwar Najeriya, irin su mota da bokiti, muka mai da su asalinsu. Amma kada mai karatu ya ɗauka Faransancin bai amfane su ba. Manyan kalmomin gwamnati da kimiyya da lafiya kusan iri ɗaya ne a harsunan biyu, don haka yaron Kiyeshe yakan fahimci dogon rubutun da zai tsayar da ɗan JSS 3 na garinmu. Harshe uku ne a hannunsa in aka bar kowanne ya yi aikinsa.

Da yawa daga cikin ɗalibaina ba 'yan garin ba ne. Daga ƙauyuka suke, an ba da riƙonsu a gidajen dangi ko na sani, su yi wa masu gida ɗiban ruwa da itace sannan su yi karatu. Akwai wani yaro da ke ɗaure 'yar tocilan ta Sin a goshi da tsumma, ya kifa ciki a tabarma yana bitar kayye, wato littafin rubutunsa, har batir ya mutu. 'Yan mata kuwa ba su kai kashi ɗaya cikin uku na rumfar ba. Nijar ta fitar da doka a watan Disamba na 2017 don kare karatun 'ya mace, amma ina nan aka ɗaura wa ɗaya daga cikin ɗalibaina aure bayan kaka, ba ta sake zuwa ba. Na roƙi Inna ta je ta yi magana, ta je, ta dawo ta ce, "Ɗana, an riga an sha goro."

Ban yi zaton zan sami ɗalibai manya ba. Bayan isha'i samari suka fara taruwa a ƙofar ɗakina, masu shirin tafiya cin rani Legas da Ibadan da Kumasi. Su babu ruwansu da nahawu. Suna son su san me za su ce wa jami'i a shingen hanya, yadda za su karanta saƙon banki a waya, da abin da aka rubuta a kwalin magani. Wani dattijo yakan zo ya zauna a gefe da sandarsa. Ya yi ƙuruciyarsa a zangon Kumasi, yana cikin waɗanda gwamnatin Busia ta kora daga Gana a 1969. Ingilishinsa na kasuwa yana nan daram, kuma shi ke yin jami'in kan iyaka idan muna gwaji, ya ɗaure fuska ya yi ta jefa musu tambayoyi har gumi ya karyo musu. Ya ce mini, "Malam, koya musu su yi magana da kansu. Wanda aka yi wa tafinta a ƙasar mutane, rabin kuɗinai ya tahi."

Ran wata Lahadi malamin Ingilishin nan na makaranta ya ɗauke ni a babur muka je wajen Lugu, garin Sarauniya Mangu, wadda ta tsaya wa rundunar Faransawa ta Voulet da Chanoine a watan Afrilu na 1899. Ƙauye ne ƙarami, har yanzu kuma akwai mai riƙe da sarautar. A hanyar dawowa ya ba ni tarihin da ban taɓa ji a makaranta ba. Yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898 ta bi ta Dallol Mawri ne ta ja iyaka, sannan ta zana da'ira mai nisan mil ɗari daga Sakkwato ta bar wa Ingila. Faransawa suka ga ba su da hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, aka sake zama a 1904 da 1906 aka turo iyakar kudu, Ƙonni da ƙasar Dutsi suka koma hannunsu. Ya ce, "Ka gani, Malam, da ba a sake wannan zama ba, da yaran nan Ingilishi suke karatu da shi, ni kuma in zo ina koya musu Faransanci da yamma." Shi kansa wanda ya fara koya masa Ingilishi ɗalibin wani Ba'amurke ne ɗan Peace Corps. Waɗannan matasa sun fara zuwa Nijar a 1962, kuma koyar da Ingilishi ne aikinsu na farko. An kwashe su a Janairun 2011 saboda matsalar tsaro. Sukan yi watanni suna koyon Hausa ko Zabarmanci kafin su shiga ƙauye. Ni da Hausata na zo, kuɗin motata bai kai na buhun wake ba.

Zafin Afrilu da Mayu ya yi tsanani, azumi kuma ya same mu a ciki, sai muka mai da darasi bayan asuba. Albashina abin da iyaye suka tara ne, wani wata kuɗi, wani wata gero da wake da kawu ke saye a hannuna. Ban tara abin kirki ba, amma ban taɓa kwana da yunwa ba, kuma ban taɓa sayen abinci a garin ba. Bayan jarrabawa na yi sallama na taho. Ban daɗe da isa gida ba Najeriya ta rufe iyakokinta a watan Agusta na 2019, ba ta buɗe ba sai Disambar 2020. Ta waya Baba ya gaya mini waɗanda suka ci, har da yarinyar nan ta bayan rumfa, wadda ta wuce lise, wato makarantar gaba da kolej, a Dutsi.

Tun daga lokacin abubuwa sun canja. An yi juyin mulki a Yamai ran 26 ga Yuli 2023, iyaka ta sake rufuwa na watanni, Nijar ta fice daga ECOWAS, kuma tafiya a wasu sassan jihar Doso tana son tambaya da taka-tsantsan fiye da da. Amma a watan Maris na 2025 sabon kundin ƙasar ya ɗaga Hausa ta zama harshen ƙasa, ya sa Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki. Ke nan buƙatar malamin da ya iya Hausa ya kuma iya Ingilishi ta ƙaru, alhali a Sakkwato da Kebbi da Katsina da Zariya masu takardar koyar da Ingilishi suna zaune a majalisa, makarantunmu kuma suna neman malaman Faransanci ido rufe.

Ina roƙon gwamnonin jihohinmu na kan iyaka da hukumomin ilimi na Doso da Tawa da Maraɗi su zauna su tsara musayar matasan malamai, da takarda da albashi da masauki sananne, kada a bar abin a hannun falke da mai masaukinsa. Kai kuma ɗan'uwa da ka gama NCE kana jiran aiki, in ka sami amintaccen wanda zai tsaya maka a can, kuma an tabbatar maka hanya lafiya take, ka nemi izinin iyaye ka je ko shekara ɗaya ce ka yi.