Direban Da Ba Ya Tuƙa Mota

Mu Hausawa mazauna unguwar Manshiya a birnin Sabha mun gaji wata tsohuwar damuwa daga fataken da suka riga mu ratsa Fezzan, wato yadda saƙo zai isa gida. A da, wasiƙa kan bi ayari daga Murzuƙ ta Gat da Agadas har Kano, ta shafe watanni a hanya. Yau kwamfutar shagon buga takardu ce ke ɗauke da wannan nauyi. Ta nan ake tura hoton fasfo, a cike takardun makaranta, a nemi shaidar haihuwa daga Damagaram ko Katsina. Ranar da ta ƙi shiga intanet, sai ka ga bayin Allah sun yi cirko-cirko, kowa da uzurinsa a hannu.

Da zarar haka ta faru, akan ɗora laifi a kan kamfanin sadarwa, ko ɗaukewar wuta, ko ƙurar da iskar gibli ke kwasowa. Wani lokaci hakan ne. Amma sau da yawa cutar tana cikin gida, a wata 'yar manhaja da ake kira direba. Aikinsa irin na tafinta ne tsakanin Windows da katin sadarwar da ke cikin na'urar. In tafinta ya ɓace ko ya tsufa, sarki da baƙo sai kallon-kallo.

Zama da masu gyara ya koya mana cewa sai an san cuta ake neman magani. Da farko mukan gwada wayar hannu a kan layin. In ita ma ta ƙi, matsalar ba ta kwamfuta ba ce. In ta shiga, sai mu duba kebul da makunnin Wi-Fi, sannan mu buɗe shafin kula da na'urori. Can alamar rawaya mai kusurwa uku kan tona asiri. Lamba 28 na nufin ba a sa direban ba sam. Lamba 10 na nufin katin ya kasa tashi. Lamba 43 kuwa, Windows ce ta dakatar da shi domin ya kai ƙarar matsala. In babu wata alama, mukan rubuta ipconfig. Adireshin da ya fara da 169.254 yana nuna katin na raye, rawuta ce ba ta ba shi adireshi ba, don haka can za a fara dubawa.

Maganin ma hawa-hawa ne. In matsalar ta biyo bayan sabunta manhaja, a mayar da tsohon direba. In ba haka ba, a cire shi, a kashe na'urar a kunna, Windows kan mayar da shi da kanta. Inda gizo ke saƙa shi ne bayan an yi fomatin: ana buƙatar intanet a sauko da direba, ana kuma buƙatar direba a shiga intanet. A nan mukan jona waya da kebul ɗin USB a ari intanet ɗinta, ko a ɗauko direban a filas daga wata kwamfutar. Lambar shaidar katin ita ke faɗin maƙerinsa: 10EC na Realtek ne, 8086 na Intel. Daga shafin maƙerin ake ɗauka, domin na tsince-tsince kan zo da ƙwayar cuta.

Galibin kwamfutocinmu na gwanjo ne. Microsoft ta janye tallafin Windows 7 ranar 14 ga Janairu 2020, na Windows 10 kuma ranar 14 ga Oktoba 2025, saboda haka direban tsohon kati na ƙara wuyar samu. Abin da ya fi damun mu shi ne mai gyaran da ke gaggawar yin fomatin kan ciwon da minti goma zai warkar. A cikin abin da ya goge akwai kwafin takardun baƙon da ba shi da wani kwafi a ko'ina, kuma a ƙasar da ake tambayar takarda a shingen hanya, wannan ba ƙaramar asara ba ce.

Don haka muke roƙon 'yan'uwa masu shaguna su adana direbobi da takardun jama'a a filas kafin su taɓa komai. Allah Ya tsare mana amanar da aka ba mu.