Tsofaffin Jif na Soja a Normandi

A farkon watan Yuni na kowace shekara, ƙananan garuruwan yankin Normandi da ke arewacin Faransa sukan cika da tsofaffin jif na soja, masu koren fenti da farin tauraro a kan bonet. Masu su kan taru ne don tunawa da saukar sojojin ƙawance a gaɓar tekun yankin ranar 6 ga Yuni, 1944. Abin da ya fizgi hankalin wani matafiyi da ya taso daga Kano shi ne ganin motocin da suka haura shekara 80 suna tafiya lafiya lau, ba hayaƙi, ba turi.

Daga birnin Faris, jirgin ƙasa ne ke kai mutum Carentan ta Caen da Bayeux. Hanyar gonaki ce da shanu, ba wani abin ba da labari. Inda zance yake shi ne Sainte-Mère-Église, ƙaramin garin da sojojin laima na Amurka suka dira a daren mamayar. A makon bikin ba a samun masaka tsinke a dandalin cocin garin.

Masauki kuwa sai haƙuri, don tun watanni kafin bikin ake kama ɗakuna. Matafiyin ya ƙare a wani ɗan ɗaki can ƙarƙashin rufi, ga tsada, ga sanyi, banɗakin babu buta, abincin kuma sai an yi ta tambaya saboda naman alade. A ƙasar Hausa baƙo ba zai biya kuɗi irin wannan ya kwana da yunwa ba. Wanda ya share masa hawaye wani dattijo ne manomi a bayan gari, mai jif ɗaya a rumfar ajiyar kayan gona. Ya ba shi ƙwai da burodi da shayi, ya nuna masa wuri mai tsabta ya yi salla, sannan ya buɗe masa bonet.

A wannan rumfa aka gane cewa tayar da motar ba shi ne wahalar ba. Injinta mai silinda huɗu ne, ƙarfin doki 60, giya uku, lantarkinta volt 6, kowane bakanike zai iya da ita. Wahalar tana wajen mayar da ita yadda ta fito daga masana'anta. Kamfanin Bantam ne ya fara ƙera samfurin a 1940, amma Willys da Ford ne suka yi mafi yawa, kusan 640,000 a lokacin yaƙin. Ta Willys ana kiranta MB, ta Ford kuma GPW. An yi su ne yadda kayan wannan za su shiga waccan, saboda haka kanikawan soja suka yi ta cuɗanya su. Mai gyara a yau sai ya warware wannan cuɗanya. Ford takan buga harafin F a jikin kayanta, har a kan ƙananan kusoshi. Ƙarfen da ya gitta gaban shasi, ƙarƙashin lagireto, a ta Willys bututu ne zagayayye, a ta Ford kuwa lanƙwasasshe ne mai buɗaɗɗen ciki. Akwai wanda zai shekara yana neman kusa mai F alhali wata na nan da za ta ɗaure wurin daram, kuma wannan naci abin girmamawa ne.

A Faransa akwai ƙarin ruɗani. Kamfanin Hotchkiss ya ci gaba da ƙera irinta bayan yaƙi da sunan M201, har zuwa 1966, kuma sojojin Faransa sun riƙa kwance tsofaffi suna sake haɗa su a La Maltournée. Da yawa daga motocin dandalin ba su ga yaƙin ba, ko da an zana musu tauraro.

Kayan gyara ana samunsu a rumfunan da 'yan kasuwa ke kafawa a filayen bikin. Mafi daraja su ne waɗanda aka ƙera tun lokacin yaƙi ba a taɓa ɗaura su ba, suna nan a naɗe cikin takarda da giris. Sai na kwance daga matattun motoci. Wanda tsatsa ta cinye masa bodi kuma yakan sayi sabo, galibi ƙirar Filifin, duk da masana sukan gane shi. Cinikin babu armashi: farashi a rubuce, ba tayi, ba albarka.

Jif ba baƙuwa ba ce ga kakanninmu da suka je yaƙin Bama, don runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma ta sare mata hanya cikin daji zuwa kwarin Kaladan. Ta fuskar gwaninta kuwa, maƙeran Panteka a Kaduna da kanikawan Kano ba su gaza dattijon nan da komai ba. Bambancin shi ne a wurinmu tsohuwar mota sai a yanka ta a auna a kan kilo. Duk mai tsohuwar mota irin wannan a gida, ya duba lambar shasinta da farantin bayanan da ke jikinta kafin ya kira 'yan gwangwan.