Shekarar da Kunnena Ya Yi Ƙaura zuwa Danchadi

Wanda ya bar birnin Sakkwato ya kama hanyar Jega zai wuce Bodinga, ya wuce Shagari, kafin ya kai Tambuwal. Yawancin matafiya ba sa tsayawa sai don shan mai ko sayen albasa. Ni aikin koyarwa ne ya sauke ni a wannan yanki, a garin Danchadi na ƙasar Bodinga, na shekara guda. Kafin in taso daga Kano 'yan uwa sun ja mini kunne kan zafin rana da kan Sakkwatanci, wanda suka ce sai na ɗauki tafinta. Babu wanda ya ce mini uffan game da kiɗa, alhali ta nan garin ya fara kama ni.

A Kano ina cikin masu ganin kansu a matsayin masu faɗin kunne. Wayata tana ɗauke da Hamisu Breaker da Nura M. Inuwa da Aminu Ala, ga Burna Boy, ga Lata Mangeshkar da na gada daga gidanmu, ga Shata don ranar da na tashi da dattako. Manhajar waya ce ke zaɓa mini abin da zan ji gaba, ni kuwa in toshe kunnuwana da iyafis in shiga adaidaita sahu, ban san wanda ke kusa da ni ba.

A Danchadi intanet yana zuwa ne in ya ga dama, don haka sai na nufi shagon cajin waya, inda wani saurayi ke zaune gaban tsohuwar kwamfuta yana tura wa mutane waƙoƙi a katin memori. Na miƙa masa nawa. Ya dube ni ya ce, "Malam, mi kaka so in zuba maka? Na hwada, na maza, na bege, ko na yara?" Na ce ya buɗe mini na yaran in gani. Sai ga duk abin da nake taƙama da shi a jere, ba wanda ya ɓace. Na gyara murya na ce, "To, ƙanena, zuba mini kowanne kaɗan-kaɗan."

Abin da ya ɗaure mini kai shi ne yadda ya kasa kayansa. Mu a birni muna raba waƙa ne da sunan mawaƙi ko da shekarar da ta fito. Shi ya raba ta da amfaninta: wannan ta manoma ce, wannan ta 'yan dambe, wannan ta sarakuna, wannan ta mata, wannan ta Buzaye. Kowane kiɗa da mai shi, kuma daga baya na gane kowanne da lokacinsa.

Darasi na biyu a ƙofar gidan da na sauka na same shi. Ina zaune kan tabarma da iyafis a kunne, ina gyaɗa kai ni kaɗai, sai dattijon gidan ya taɓa ni da sandarsa: "Malam, abin da kaka ji, mu ba mu isa jinai ba?" Na ce, "Haba Baba, wane ni!" Na zare, na ajiye wayar a tsakiya. A nan sauraron waƙa tamkar ciyayya ce: kowa ya fito da kwanonsa, a haɗa a ci, wanda ya juya baya ya ci nasa shi kaɗai kuwa an san sunansa. Tun daga ranar, abin da zan ji ya bar hannun manhaja ya koma hannun maƙwabta da yanayin shekara.

Damina ce ta fara koya mini. Da gero ya tasa aka shiga noma, sai na riƙa jin wata ganga mai nauyin murya tana tashi daga aljihun manoma. Waƙoƙin noma ne, na irin su Amali Sububu da Maidaji Sabon Birni. A ɗaki na saurare su, ban ga abin ɗoki ba: bugu ɗaya ne ake ta maimaitawa. Sai da aka gayyace ni gayya a gonar wani maƙwabci, na ga samari sun jeru kowa da kunyarsa, makaɗi na biye da su yana kiran sunan wanda ya yi gaba, yana yi wa na baya habaici, sannan na fahimci bugun nan an auna shi ne da saukar hauya. Na karɓi hauya don kada a ce Bakano ya tsaya kallo. Makaɗin ya yi mini kirari da malamin boko mai hannun alli, jama'a suka kwashe da dariya, ni kuwa sai na ji ƙarfi ya zo mini daga inda ban sani ba. Tsofaffi sun ce gayya ta ragu ƙwarai, yanzu waya ce ke yi wa mutum kiɗa a gonarsa. Amma daga wannan gona manya suka fito: Musa Ɗanƙwairo, wanda ya rasu a 1991, gidan kiɗan noma ya tashi kafin fadoji su san shi.

Da kaka ta yi, aka cika rumbuna, sai kalangu ya karɓi gari. Lokacin dambe ke nan. Kalangu kiɗan mahauta ne tun asali, dambe ma a hannunsu ya yi ƙarfi, shi ya sa in ka zauna kusa da tukubar mai tsire ba za ka rasa jin Ɗan Anace ba. Na san sunansa a Kano, na san ya yi wa Shago waƙa, iyakar sanina ke nan. A nan na tarar da mutanen da za su ba ka labarin karon Shago da Ɗandunawa kamar jiya suka baro fagen, har su tashi tsaye su nuna maka yadda aka miƙa hannu. Waƙar Ɗan Anace cike take da zancen mutuwa da kabari, amma ba ta sa mutum sanyin jiki. Ni da ban taɓa naushin kowa ba, na kama kaina ina dunƙule hannu a cikin aljihu.

Cikin wannan kaso na maza na ci karo da Kassu Zurmi, mai waƙar 'yan tauri da mafarauta, da Gambu, wanda ya yi suna da waƙar ɓarayi kafin daga baya ya tuba ya bari. Na zaci a ɓoye ake jin irin wannan. Ina! Dattawa masu tasbaha a hannu ne ke saurare suna murmushi. Na tambayi Baba yadda aka yi haka. Ya ce, "Wanda bai san dabarar ɓarawo ba, shi aka yi wa sata." Ban ce na gamsu gaba ɗaya ba, amma na sake duba makullin ɗakina a daren.

Inda na fi daɗewa shi ne wajen makaɗan fada. Ibrahim Narambaɗa na Tubali, makaɗin Sarkin Gobir na Isa, Salihu Jankiɗi, Sarkin Taushin Sarkin Musulmi Abubakar na Uku, wanda ya yi sarauta daga 1938 zuwa 1988, Sa'idu Faru, Aliyu Ɗandawo da ɗansa Sani. Mu da muka tashi da Shata mun saba da 'yan amshi masu riƙe gindin waƙa suna maimaitawa, shi kuma yana zuba baiti. Makaɗan kotso da taushi ba haka suke yi ba. Jagora zai ɗauko magana ya sake ta a tsakiya, 'yan amshi su cafe su ƙarasa, wani lokaci su ƙara nasu, har ka rasa inda muryarsa ta tsaya tasu ta soma. Sai an zauna an tsara, an yi ta bita, kafin a fito gaban sarki.

Yadda ake sauraronsu ma wani abin kallo ne. A Kano muna sa Ɗanƙwairo ne ya riƙa tashi a bayan hotunan hawan Sallah. A ƙofar gidan Baba kuwa ba a barin Bakandamiyar Narambaɗa ta yi nisa sai wani ya ce a tsayar. A tsayar, a warware kalma, a faɗi wane ɗan sarki aka yi wa zambo da dalilin da ya sa ba a ambaci sunansa ba, a yi gardama, sannan a ci gaba. Waƙa guda takan cinye hira tun daga Isha'i har dare ya raba. Ni da nake tsallake waƙa in ta wuce minti huɗu, sai ga ni ina roƙon a mayar da baya.

Wani abu ya daɗe yana yi mini yawo a kai. Sifawa tana nan cikin ƙasar Bodinga, inda Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya zauna yana karantarwa kafin ya koma Sakkwato a 1815, ya rasu a 1817. Ƙanensa Abdullahi ya zauna a Bodinga. Malaman jihadi sun yi rubutu kan kiɗa, wanne ya halatta wanne bai halatta ba, kuma har gobe akwai gidajen da ba a kunna kalangu a cikinsu. To yaya aka yi ƙasar malamai ta zama matattarar makaɗa? Watan Maulidi ne ya rage mini wannan mamaki. Dare ya cika da karatun Ishiriniya da waƙoƙin bege, babu ganga babu fiyano, murya ce kawai da kari, amma jama'a na amsawa kamar ƙasa za ta motsa. Su kansu masu jihadin da waƙa suka karantar, cikin Larabci da Fulatanci da Hausa. Nana Asma'u, wadda ta rasu a 1864, da waƙa ta aika ilimi ƙauyuka ta hannun jaji da 'yan taru. Ko Shehu Shagari na nan maƙwabta, tun yana malamin makaranta, kafin ya shugabanci Najeriya daga 1979 zuwa 1983, da waƙa ya koyar da labarin ƙasa, a Waƙar Najeriya. Mutanen da aka yi wa tarbiyya da baiti, ba mamaki su iya sauraro.

Da sanyin hunturu ya shigo, fataken albasa suka yawaita, har da masu zuwa daga Nijar ta Illela da Ƙonni. A wayar ɗayansu na fara jin jitar Buzaye, wani sauti mai kewayawa yana dawowa, da tafi a bayansa. Ya ce Mdou Moctar ke nan. Na ɗauka daga can ƙuryar Sahara abin ya zo, ashe faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya naɗe shi a 2008, da irin na'urar lanƙwasa murya ta waƙoƙin finafinan Hausa. Waƙoƙin suka bazu daga waya zuwa waya ta Bluetooth da katin memori, har wani kamfanin Amurka mai suna Sahel Sounds ya sa ɗaya daga ciki, Tahoultine, a wani tarin waƙoƙin wayoyin Sahara a 2011. Yau mutumin yana cika dandali a Turai da Amurka. Daga shi na gangara zuwa Bombino na Agadas, da Tinariwen na Mali da suka ci kyautar Grammy a 2012, da Ali Farka Touré. Hanyar da ta kai Mdou duniya ita ce dai wadda nake rainawa a shagon caji.

Kada mai karatu ya zaci gidan tarihi na je. Ranar biki samarin Danchadi sifika suke kafawa su saki Ado Gwanja da Breaker har ƙura ta tashi, kuma sun fi ni sanin abin da ya fito makon jiya. Ta bayan katanga kuma kana jin luguden mata a turmi, ko kiɗan ƙwarya irin wanda Barmani Choge ta ɗaukaka. Bambancinmu shi ne yaron da ya yi rawar Gwanja da daddare, da safe zai iya gaya maka wannan kotso ne, wancan taushi. Ni sai da na girma na zo na koya a wajensa.

Akwai abin da ke sosa rai. Isa, Sabon Birni, Zurmi, Maradun, Sububu, sunayen da na koya a bakin makaɗa, su ne kuma nake ji a labaran rediyo in ana zancen 'yan bindiga. Inda mutane ke tsoron taruwa da dare, makaɗi ba shi da fage, ɗansa kuma sai ya nemi babur ya yi kabu-kabu. Abin da ya rage na tsofaffin yana yawo ne a katin memori, an kwafo daga kaset, kaset daga rediyo, wata waƙar an yanke mata kai, wata an liƙa mata sunan wanda ba shi ya yi ta ba. Masu iya gyara wannan kuskure su ne irin su Baba, kuma ba ƙuruciya suke ƙarawa ba. Duk ɗalibin Hausa da ke neman abin bincike, ga aiki nan a ƙofar gida, rikoda da haƙuri kawai yake buƙata.

Na koma Kano da kati cike, na kuma gano cewa ba kowane kiɗa ke yarda a raba shi da muhallinsa ba. Waƙar noma a ofis barci take sa ni. Narambaɗa yana tafiya ko'ina, sai dai ba wanda zai ce a tsayar a yi gardama, don haka na fara tara abokai ranar Asabar, kowa ya zo da tasa. Ɗan Anace kuwa na hana kaina jin sa in ina tuƙi, tun ranar da na sa shi cikin cunkoson Ƙofar Nassarawa, wani mai adaidaita ya goge ni, na ji ina neman buɗe ƙofa in fita da hannu a dunƙule.