Ɗorawar Malesiya

Dunƙulen daddawa 12 Inna ta ƙulle mini a leda, ta sake naɗewa da tsohon zanenta, ta cusa a ƙasan akwatina tare da garin kuka ranar da zan bar Funtuwa. Na ce, "Inna, karatu fa zan tafi, ba gidan abinci zan buɗe ba." Ko kallona ba ta yi ba. Bayan wata 5 da saukata Serdang, kusa da Kuala Lumpur, saura dunƙule ɗaya tak, kuma na kasa taɓa shi. Nakan kwance ledar in shinshina, in mayar.

Ba yunwa ake yi a Malesiya ba. Ga shinkafa safe da rana da dare, ga abincin halal ko'ina ka juya. Matsalata sukari, don mutanen nan har a miya suna zuba shi. Abokai suka ce in je Kajang, garin da ya yi suna wajen satay, wai shi ne tsirensu. Na je. Nama a tsinke, gawayi, mafici, albasa, har da miyar gyaɗa a gefe, sai ka rantse bakin tasha kake. Da na kai baki sai na ji kamar an tsoma tsire a ruwan alewa. Na cinye tsinke 10 duk da haka, na koma ɗaki da kewar da ta fi wadda na fita da ita.

A kasuwar dare, wadda suke kira pasar malam, abin ya same ni ba shiri. Wata dattijuwa ta rataye wasu dogayen kwansuna koraye, murɗaɗɗu, dami-dami. Na tsaya ina kallo, don siffar ta yi mini kama da wani abu da na sani. Ta ɓare ƙwaya ɗaya ta miƙo mini, ta ce sunansa petai. Ɗaci-ɗaci ne, ga wari mai naci da ke kwana a bakin mutum. Wannan warin ne ya ɗauke ni cak ya ajiye a tsakar gidanmu, ranar da Inna ke buɗe kwandon kalwar da ta rufe kwana 3, mu yara muna toshe hanci tana korar mu da mara. Ban san idona ya kawo ruwa ba sai da dattijuwar ta fara ba ni haƙuri, ta zaci ɗacin ne.

Wani ɗalibi mai nazarin tsirrai ya ce mini hancina bai yi ƙarya ba: petai da ɗorawa dangi ɗaya ne, Parkia ake kiran zuriyarsu. Mu mukan bari ta bushe, mu sha garin, mu dafa kalwar mu yi daddawa. Su kuwa ɗanya suke soyawa da barkono da jatan lande da belacan, wani curin ƙananan jatan lande da aka bari ya yi tsami, wanda a tukunyarsu aikin daddawa yake yi.

Sun riga mu da awa 7, don haka da na kira gida Inna ta idar da la'asar ke nan. Na kwashe labari na faɗa mata.

"Ɗanya suke ci? Ba sa bari ta nuna?" Ta yi dariya har da tari. "Allah ɗaya, gari bamban. To taka fa, ta ƙare?"

"Saura ɗaya, Inna. Ajiye ta na yi."

Ta yi shiru kaɗan. "Ajiya kuma? Ai ba laya na ba ka ba. Ka ci abarka, na riga na sayi kalwar bana."

Washegari na tuƙa tuwon shinkafa, na kaɗa miyar kuka da dunƙulen ƙarshe. Abokin zamana, ɗan Indonesiya, ya fara da buɗe taga. Daga baya ya ɗauko kwanonsa ya tsaya a kaina.