Winifeg: Garin Da Ake Ɗumama Ɗaki A Bar Rufi Cikin Sanyi

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos ko Zariya cikin muku-mukun hunturu yakan ɗauka ya san sanyi. Ni ma haka na ɗauka, sai da tafiya ta kai ni Winifeg, babban birnin lardin Manitoba a ƙasar Kanada, cikin watan Janairu. Garin yana zaune ne a fili fetal inda kogin Red da na Assiniboine suka haɗu, babu dutsen da zai tare iskar arewa. A wannan wata ba abin mamaki ba ne a wayi gari ma'auni ya sauka digiri 30 ƙasa da sifiri. Kogunan kansu sukan daskare har mutane su yi ta yawo a kansu. Mota ma akan jona ta da lantarki ta kwana, don kada injinta ya ƙi tashi da safe.

Amma da ka shiga gida sai ka tuɓe rigunan sanyi ka zauna da 'yar shara. A gidan da na sauka, na wani ɗan ƙasarmu, akwai murhun gas a ɗakin ƙarƙashin ƙasa, yana tura iska mai ɗumi ta cikin bututu zuwa kowane ɗaki. Kuɗin gas ɗin kuwa ba kaɗan ba ne. Saboda haka da maigidana ya hangi waɗansu kafofi masu raga a ƙarƙashin bakin rufi da kuma can kusa da ƙololuwarsa, sai ya ce ashe ruwa yake zubawa a kwando. Tun farkon sanyi ya bi su ɗaya ɗaya ya toshe da tsumma da kwali.

Kwana goma da isowata sanyin ya ɗan sassauta. Muna zaune da dare sai ga ruwa yana ɗiga daga silin, daidai gindin ƙwan lantarki, alhali kuwa ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba. Gari na wayewa aka kira wani tsohon kafinta maƙwabcinmu. Ya kafa tsani, ya haska tocila cikin sararin da ke tsakanin silin da rufi, ya ce mu leƙa. Kai jama'a! Kowace ƙusa ta yi fari fat da ƙanƙara, katako ya soma baƙi da funfuna, audugar gilas da aka shimfiɗa bisa silin don tsare ɗumi kuwa ta jiƙe sharkaf.

Ga bayanin da tsohon ya yi mana. Dahuwa da wanka da numfashin mutanen gida duk tururi suke bayarwa. Iska mai ɗumi kuma sama take nufa, sai ta sulale da tururin nan ta kowace 'yar kafa a jikin silin. In ta tarad da katako mai sanyi sai tururin ya daskare a jikinsa, ran da gari ya sassauta ya narke ya zubo. Aikin kafofin da aka toshe shi ne su shigo da busasshiyar iska ta ƙasa, ta kwashe laimar ta fice ta sama.

Har ila yau akwai wata ɓarna. In ɗumi ya taru a ƙarƙashin rufi, dusar ƙanƙarar da ke kwance a kansa takan narke ta gangaro, sai ta sake daskarewa a bakin rufi inda babu ɗumi, ta zama madatsa. Ruwan da ke biye, in ya rasa hanya, sai ya kutsa cikin bango. Don haka ne ƙa'idar gini ta Kanada ta ce kowane murabba'in ƙafa 300 na silin a bar masa kafar iska ta murabba'in ƙafa 1. Watau ɗumi na ɗaki ne, sanyi na rufi. Akan shimfiɗa leda a bayan silin, a liƙe duk wata tsaga, a tula audugar gilas mai kauri, sa'an nan a bar iska ta yi ta kaiwa da komowa a bisanta.

Su kansu mutanen ƙasar da wahala suka ƙara fahimtar wannan. Bayan tashin farashin mai na 1973 kowa ya dukufa liƙe gidansa, har a 1977 gwamnati ta soma ba da tallafin kuɗi don sa abin tsare ɗumi. Waɗanda suka liƙe ba su bar wa laima mafita ba, su ma sun ga irin abin da muka gani.

Ina tsaye gindin tsani sai na tuna gida. Soron kakanninmu mai kaurin bango da rufin azara yakan sha rana ya riƙe ɗuminta har dare. Mu kuwa da muka koma rufin kwano babu silin, wa bai taɓa farkawa da asuba raɓa tana ɗigo masa daga kwano ba? Ciwon ɗaya ne, nasu ne dai ya fi tsanani.

A ranar maigidana ya hau tsani ya zare tsummokaransa. Abin da ya kashe wajen sake audugar da gyaran silin ya ninka abin da ya so ya tsimi na gas. Garin neman ƙiba, an samo rama.