A kwashe abin da ke cikin faya-fayanmu tun suna karantuwa

Da wuya ka shiga gida a Jakara, ko wata unguwa ta cikin badala, ka rasa kwali cike da faya-fayan CD. Shekaru ashirin da suka wuce su ne taskarmu: tafsirin marigayi Sheikh Ja'afar Mahmud Adam, waƙoƙin Mamman Shata, finafinan da ake sarowa a Ƙofar Wambai, da bidiyon biki da suna. Wayar hannu ta zo ta ture su, muka ajiye su muna zaton suna jiranmu. Alhali kuwa faifan lalacewa yake yi, na'urar karanta shi ma tana ɓacewa, domin yawancin sababbin kwamfutocin tafi-da-gidanka ba sa zuwa da ita.

A gidanmu akwai faifai guda da ya fi sauran daraja, wato na saukar karatun ƙanena. A cikinsa mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, ya yi doguwar addu'a, kuma ba mu da muryarsa a ko'ina sai nan. Da na tashi kwafarsa zuwa kwamfuta, na sayo na'urar karanta faifai irin wadda ake jonawa ta kafar USB, amma manhajar kwafa ta ce ba ta ga na'ura ba. Kwana biyu na yi ina bin abin daki-daki kafin ya yiwu, kuma abin da na tsinta zai amfani wani.

Farko a duba wuta. Na'urar waje tana jan wuta sosai yayin juya faifai, don haka a jona ta kai tsaye a jikin kwamfuta, ba ta mahaɗar da ke raba kafa ɗaya gida huɗu ba. Tawa matsalar nan take: faifan yakan fara juyawa, sai ya tsaya.

Idan kwamfuta ta ga na'urar amma manhaja ba ta gan ta ba, a rufe duk wata manhajar kallo da ke riƙe da faifan, sannan a buɗe ta kwafa da izinin mai kula da kwamfuta. A Windows kuma a leƙa Device Manager. Saƙon matsala mai lamba 19 ko 39 sau da yawa ragowar tsohuwar manhajar buga faifai ke jawo shi.

Sai idon na'urar. Ƙurar hunturu tana rufe shi, kuma hasken da ke karanta CD daban yake da na DVD, shi ya sa na'ura kan karanta wannan ta ƙi wancan. Shi kansa faifan a goge shi da ƙyalle mai laushi daga tsakiya zuwa baki, ba a zagaye ba.

Akwai kuma tarkon da ke kama mutane da yawa. Fayilolin .cda da ake gani a faifan sauti alamomi ne kawai, kowanne bayit 44, babu murya a cikinsu. Sai an tatso sautin da manhaja irin su Exact Audio Copy. Bidiyon VCD kuwa yana cikin jakar MPEGAV, a fayiloli masu ƙarewa da .DAT.

Dalilin gaggawa shi ne, faifan da masu ɗaukar bidiyo suka buga mana, wato CD-R, a kan wani siririn rini yake riƙe bayanai, rinin kuma zafi da hasken rana suna kashe shi. Wanda ya san zafin Kano a watan Afrilu ya san halin da kwalin nan yake ciki.

Karatun manyan malamai da waƙoƙin fitattun mawaƙa sun samu masu ɗora su a intanet. Amma karatun malamin zaure, da guɗar kaka ranar kai amarya, da fuskokin waɗanda suka riga mu gidan gaskiya, babu mai ceto su sai iyalansu. Faifan CD bai wuce megabayit 700 ba, filashi mai gigabayit 32 zai ɗauki fiye da arba'in. A kwafa, a ajiye a wuri biyu, a tura wa 'yan uwa. Da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah Ya ba mu ikon riƙe amanar abin da aka bar mana.